Gurbin Matar Marigayi

Washegarin da na fita takaba aka yi zama a kaina. A tsakar gidanmu na Ƙofar Kaura aka shimfiɗa tabarma. Baba ya zo daga ƙauye, Yaya kuma, wato yayan maigidana, ya rufe shagonsa na Babbar Kasuwa ya taho. Ni ina bakin ƙofar ɗaki, inda mutum ke zama idan maganarsa ake yi amma ba da shi ba.

Ba wanda ya ɗaga murya. Baba ya ce mace mai sauran ƙuruciya ba ta zama ita kaɗai a birni babu dalili, don haka in tattara in koma gida. Yaya ya ce 'ya'yana mazan biyu shi zai riƙe, tunda makarantarsu a nan take, 'yar autar kuwa in tafi da ita har ta yi wayo. Haka aka saba. Haka aka yi wa gwaggona, haka aka yi wa maƙwabciyarmu, kuma ba da mugunta suka faɗa ba. Yaya har da hawaye. Ni ce ban yi ba. Tun ranar da aka fita da Malam na zama kamar ƙafar da aka daɗe ana zaune a kanta, ina ganin ana taɓawa amma ba na ji. Ina dafa abinci, ina yi wa yara wanka, ina amsa gaisuwa, mutane suna ta yaba haƙurina. Ba haƙuri ba ne, babu komai ne a wurin.

Ana cikin rabon 'ya'yana sai na ji bakina ya ce, "Karatu zan yi."

Suka juyo su biyun. Baba ya ce, "Karatu kuma? Ina?"

"Kwalejin su Malam."

Ban taɓa tunanin haka ba ko sau ɗaya. Ita kaɗai ce makarantar da ta zo mini a baki. Amma na san Baba. Bai yi boko ba, kuma abin yana cinsa har ya tsufa, shi ya sa ya kafe sai da na gama sakandare kafin a yi mini aure. Ya daɗe yana kallon tabarma, sannan ya ce, "In sun ɗauke ki, ki zamna da ɗiyanki, in turo maki gwaggonki ta taya ki zama. In ba su ɗauke ki ba, ranar Juma'a mota za ta zo." Yaya ya ce shi ba ya ja da karatu. Aka shafa, aka tashi.

Da safe na raka yara makaranta, na bar 'yar autar wajen maƙwabciya, na ɗauki takardun sakandarena da suka yi ja saboda ajiya, na tari keke mai ƙafa uku.

Duk zaman aurenmu a kwalejin nan Malam yake aiki, yana koyar da aikin hannu a sashen wutar lantarki, amma ban taɓa taka cikinta ba. A bakinsa na san ta, da ƙaurin dalma da ke biyo rigarsa. Makarantar gwamnatin jiha ce, ta kowa da kowa. Ɗan manomi daga ƙauye yana nan, ɗiyar ɗan kasuwa tana nan, ga ma'aikacin da ya gaji da ganin yara suna wuce shi a ofis, ga ɗan acaɓa da ke jingine babur a gindin bishiyar bedi ya shiga aji, ya fito ya ci gaba da neman fasinja. A ƙofa akwai wani babban allo da aka jera sunayen sassa, rana ta cinye rabin rubutun. Na tsaya ina karantawa, babu wanda ya ce mini komai a zuciya. Da a ce jerin kayan miya ne ma da na fi sanin wanda zan ɗauka.

Maigadin ne ya fara gane ni, don ya zo ta'aziyya gida. Ya miƙe tsaye.

"A'a, iyalin Malam ce! Sannu da zuwa. Ina kwana? An tashi lahiya? Ya ɗiya? Ya ƙarin haƙuri?"

"Da godiya."

"Allah ya jiƙan shi. An fita lahiya ke nan. Kai, madalla, kin kyauta, kin kyauta ƙwarai."

Ban gane abin da na kyauta ba sai da ya ƙwala wa wata mata kira, wata Hajiya mai jiki da ke saukowa daga mota da jaka a hammata. Ya ce mata, "Hajiya, ga iyalin marigayi na lantarki ta zo bangajiya."

A wurinmu idan mace ta fita takaba takan zaga dangi da abokan arziki, ta yi musu bangajiyar zaman makoki da ɗawainiya. Ga ni da sabon lulluɓi, kwana biyu da fita, a ƙofar wurin aikin mijina. Me kuma zai kawo ni? Ko ni ce a tsaye a wurinsu haka zan ɗauka. Na buɗe baki zan gyara, Hajiya ta riga ta kama hannuna.

"Allah sarki, ɗiyata. Taho, ni zan zaga da ke. Kada a bar kowa, mutanen nan akwai ƙorafi. In kika shiga wani sashe kika tsallake wani, sai an shekara ana maganar."

Sakatariya ce a sashen akanta, kuma irin matan nan ne da ba sa barin shiru ya huta. Tana jana tana nuna mini gine-gine kamar ita ta gina su. Nan masu difloma suke. Wanda ya gama sai ya je ya taɓa aiki a waje, ya dawo ya ɗora babbar difloma, ga ajinsu can a sama. Wancan dogon ginin na masu share fage ne, waɗanda jarrabawar sakandare ta ɗan yi musu gardama. Asabar da Lahadi kuma na ma'aikata ne, in na ga wurin ranar, in ji ta, sai in rantse taron iyayen yara ake, duk furfura da tumbi. Duk abin da na zo tambaya tana zuba mini shi, ba ta san ina bukata ba, ni kuma ina ji kamar rediyon maƙwabta.

Sashenta muka fara shiga. Aka ba ni kujera, malamai suka taru, kowa ya yi gaisuwarsa tun daga farko. Ya haƙuri, da godiya. Ya ɗiya, lafiya lau. Wani ya ce Malam ne ya gyara masa wayar gidansa bai karɓi ko sisi ba. Wani ya ce bai taɓa ganin fushinsa ba, na ce a raina to kai ba ka taɓa ɓatar masa da abin gwada wuta ba. Na jira su numfasa in faɗi abin da ya kawo ni. Daidai nan shugaban sashen ya ɗaga hannu ya ce a yi masa addu'a. Bayan an shafa kuwa ba a tsiro da wata magana, tashi ake yi. Na tashi.

Haka muka yi ta yi. A sashen aikin ofis na ga kwamfutoci a jere an lulluɓe su da yadi saboda babu wuta, ɗalibai suna koyon bugun rubutu da yatsu a kan tebur. A sashen girke-girke da kula da masauki 'yan mata ne da fararen huluna, suka ƙulla mini kek a leda wai in kai wa yara. A wajen masu gini na tarar da samari suna ta ɗora bulo da igiya da ma'auni, Hajiya ta ce katangar nan kullum da safe ake gina ta, da yamma a rushe, gobe wasu su sake. A ɗakin gwaje-gwaje kowa da farar riga, ana leƙa wani abu a kwalba. A sashen aikin jarida wata yarinya tana karanta labarai da murya mai nauyi a gaban kyamarar da ba a kunna ba. Can baya masu aikin gona ne, da kajinsu da 'yar gonar masara da wata tarakta da ta zauna a kan duwatsu, kaji sun mayar da ƙarƙashinta gida.

Ko'ina kujera, ko'ina ruwan leda, ko'ina addu'a. Na amsa "da godiya" har kalmar ta daina zama kalma a bakina. Sau biyu na fara cewa, "Dama na zo ne," sai a tare ni da "Ai ba komai, wallahi ba sai kin zo ba, Malam namu ne." Mutanen kirki ne, kirkinsu ne ma ya hana ni magana. Na san rana tana tafiya, na san Juma'a tana matsowa, na san kan 'ya'yana ake magana, amma sanin yana can nesa, bai iso jikina ba. Da Hajiya ta ce mu koma ƙofa a lokacin, ina jin da na bi ta na hau keke na tafi gida da kek ɗina.

Sashen Malam ta bari a ƙarshe, wai don kada in karaya tun da wuri. Wani dogon ɗaki ne mai rufin kwano, an kafa allunan katako a bango, kowane ɗalibi yana ja wa nasa waya zuwa ƙwan fitila. Ƙaurin dalmar nan ya tare ni a ƙofa. Hajiya ta ƙara riƙe hannuna, tana jiran in faɗi. Ni ma na jira. Na ga teburinsa, na gane shi don ya sha ba ni labarin ƙafarsa ɗaya da aka tokare da bulo. Hular wani ce a kai yanzu. Na kalli teburin, tebur ne.

Abokin aikinsa ya taso, wani dattijo mai farin gemu da ya fi kowa zama a gidanmu kwanakin makoki. Shi ya riga ya yi ta'aziyyarsa har ta ishe shi, don haka bai maimaita ba. Ya gaishe ni a taƙaice, ya kalli ledar kek, ya kalli ambulan ɗin da na ƙanƙame a ɗaya hannun.

"Mi ke tahe da ke?"

Tun safe shi ne mutum na farko da ya tambaya. Na ce, "Karatu nake so a ɗauke ni. In ban samu ba kafin Juma'a za a maida ni gida, a raba yaran."

Hajiya ta saki hannuna ta kama baki. "Innalillahi! Shi ne tun safe ina ta yawo da ke kamar amarya ba ki hwaɗa ba?"

Dattijon ya dube ni. Ya ce an rufe ɗaukar ɗalibai tun makon jiya, amma kwalejin takan ajiye 'yan gurabe saboda iyalan ma'aikata, kuma wanda ya rasu a bakin aiki ba a cire shi daga ma'aikata. In je ginin rajista, tagar ƙarshe, yau ɗin nan, don gobe za a miƙa sunaye sama. Shi ba zai iya barin ɗaliban ba, jarrabawar aikin hannu suke, in ya juya baya wani zai ƙone kansa. Hajiya ta so raka ni, sai ga kira daga ofishinta, shugaba yana neman wata takarda tun ɗazu. Ta nuna mini ginin da yatsa, ta tafi tana waiwaye tana salati.

Zauren rajista cike yake. Layi a kowace taga, janareta yana ruri a bayan bango, fanka tana juya zafi. Na bi layin ƙarshe. Da na iso, wani matashi ne a bayan gilashi, da 'yar kafa a ƙasa inda ake tura takarda. Bai ɗago ba. Na tura ambulan, na ce gurbin iyalan ma'aikata nake nema.

"Iyalin wa?"

"Malam na sashen lantarki. Wanda ya rasu."

"Hajiya, ban daɗe da zuwa nan ba, ban san kowa ba. Sunanshi za ki ba ni in duba."



Ban taɓa faɗin sunan mijina ba. Na san yanzu akwai matan da ke kiran nasu gatsal kamar suna kiran mai kayan miya, ban ce sun yi laifi ba, amma ni ba haka aka tashe ni ba. Kakata har ta mutu ba a ji sunan kakana a bakinta ba, innata ma haka. Malam nake cewa, ko baban su wane. Idan wani mai irin sunan ya zo gidan, mai sunan Malam ne. A asibiti ko makarantar yara, in aka tambaya, sai in rubuta, ko in taɓa babban ɗana ya faɗa. Shi kansa Malam ya mayar da abin wasa. Yakan ɗauko katin aikinsa ya ce idonsa ba ya gani, in karanta masa, in ce nawa idon ma ya tafi hutu. Shekara da shekaru muna wannan, bai ci nasara ba.

Na ce, "Ba ni biro in rubuta maka."

Ya shafa tebur, ya duba aljihu. "Wani ya tafi da shi. Faɗi kawai, ina ji." Yatsunsa suna kan kwamfuta, idonsa ma.

Na waiga ko zan ga wanda ya san ni. Tun safe duk inda na juya sai wanda ya san Malam, a nan kuwa babu ko ɗaya. Wata yarinya a bayana ta yi tsaki a hankali. Wani ya ce, "Baiwar Allah, a taimaka, an kusa kiran sallah." Matashin ya kalli agogo, na ga hannunsa ya nufi labulen tagar.

Na faɗa. A hankali, cikin lulluɓi.

"Ban ji ba. Ƙarar injin nan. Ɗaga murya."

Na matsa bakina kusa da kafar gilashin, na ɗaga murya, na kira sunan mijina da na mahaifinsa. Ya fita da ƙarfi fiye da yadda na nufa, irin kiran da ake yi wa mutum daga ɗaki zuwa zaure.

A bayana wata muryar namiji ta ce, "Na'am?"

Murna na ji. Ba zan ɓoye ba. Wata irin murna ce ta taso mini tun daga tafin ƙafa, irin wadda nake ji da in na jiyo ƙarar babur ɗinsa a lungu. Ban yi tunani ba, jikina ne ya yarda, har na fara juyawa. Sai muryar ta ce, "Au, yi haƙuri, na ɗauka da ni ake," wasu suka yi 'yar dariya. Wani mai sunan ne kawai a layi. Ban ƙarasa juyawar ba, ban ga fuskarsa ba, har yau ban san ko wane ne ba. Na dafa katakon tagar. Abin ya koma inda ya fito. Tun rasuwar wannan ne abu na farko da na ji, kuma ba nawa ba ne.

Matashin ya gama dannawa. Na ga fuskarsa ta sauya, ya gyara zama, ya ɗago ya kalle ni a karon farko.

"Na gan shi. Allah ya jiƙan shi, Hajiya. Ya haƙuri?"

"Da godiya."

Ya buɗe takarduna ya duba, ya ce sun yi. Gurbi ya rage a aikin ofis, da girke-girke, da aikin gona. Wanne nake so?

Na ce, "Wanne ake tashi da wuri?"

Ya dube ni ya ga ko wasa nake. Ya ce masu aikin ofis ba su cika kaiwa la'asar ba. Na ce shi. Haka na zaɓi sana'ar da nake ci da ita har yau. In ɗalibai suka tambaye ni yadda aka yi na gane ita ce ta dace da ni, sai in ce musu dogon labari ne.

Ya buga takardar, ya turo ta kafar gilashi, ya ja labule.

A gindin bedin da 'yan acaɓa ke jingine babura na tsaya na kira Baba. Na karanta masa abin da ke jikin takardar, ya sa na maimaita wurin da sunana yake. Ina jin kukan awaki ta wayar. Sannan ya ce, "To. Ki zamna da ɗiyanki. Gwaggonki na nan tahe ranar Juma'a, motar da za ta ɗauko ki ita za ta kawo ta." Na ce to, Allah ya ƙara girma. Na tsaya ko wani abu zai zo mini. Ƙafata ce kawai ke ciwo, don takalmin sabo ne.

Na tarar yara sun dawo, maƙwabciya ta buɗe musu gida. Ƙaramin ya karɓe ledar kek, shi da 'yar autar suka zauna a kanta. Babban yana tsaye a bakin ƙofar ɗaki da kayan makaranta a jikinsa. Ban gaya masa komai ba game da zaman, a zatona suna waje suna wasa lokacin da aka yi maganar.

Ya ce, "Umma, sun ɗauke ki?"

Na ce, "Sun ɗauke ni."

Bai yi tsalle ba, bai yi dariya ba. Ya shiga ɗaki, ya durƙusa, ya jawo wani ƙullin zane daga ƙarƙashin gado. Ya kwance shi a kan katifa. Kayansa ne da na ƙanensa, an ninke su irin ninkin yaro, da allunansu na Islamiyya, da silifas ɗin ƙaramin da ya wanke ya naɗe a takarda don kada ya ɓata riguna. Ya fara mayar da su cikin akwati ɗaya bayan ɗaya. Ban san lokacin da ya ɗaure su ba.